Ganyen Shayi Daga Kanti Zuwa Buta: Inda Ƙamshinsa Ke Salwanta

Shayi ya riga ya zama cimar yau da kullum a birni da ƙauye. Tun daga teburin mai shayi na bakin tasha a Kano ko Agege har zuwa zauren attajiri inda ake tarbar baƙi, da wuya gari ya waye rana ta faɗi ba a ɗora buta a wuta ba. Ga kuma watan azumi, lokacin da gidaje da yawa ba su ganin buɗa-baki ko sahur ya cika sai an kurɓi ruwan zafi. Amma duk da wannan sabo, mutane ƙalilan ne suka damu da sanin ganyen da ake zubawa a butar. Akan tsaya a yi ciniki a kan madara da sukari da burodi, ganye kuwa sai a aiki yaro ya karɓo ko wane iri ne, a jefa shi kusa da murhu, bakin ledar a buɗe, har ranar da zai ƙare.

A 'yan shekarun nan kuma an sami ƙaruwar masu sha'awar baƙin shayi mai daraja, irin wanda ke zuwa cikin gwangwani daga Indiya da Siri Lanka da Sin da Kenya, wani a manyan kantuna, wani kuwa tsarabar alhazai da fatake masu zuwa Jidda da Dubai. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Sau da yawa magidanci kan sayi irin wannan ganye da tsada, ya ji daɗinsa mako biyu ko uku, daga nan sai ƙamshin ya gudu, abin da ke cikin kofi ya koma jan ruwa mai bauri kawai. Nan take sai ya ɗora wa mai kanti laifi, ya ce jabu aka sayar masa. Wani lokaci da gaskiyarsa. Amma galibi a cikin gidansa ɓarnar ta auku, domin ganyen shayi abu ne mai ƙishirwa, duk abin da ya samu kusa da shi sai ya zuƙe, danshi ne ko wari.

Dalilin ƙishirwar ganye

Baƙin shayi da koren shayi, watau irin wanda Buzaye ke dafawa a 'yar ƙaramar buta bisa gawayi, duk itace ɗaya ke ba da su, wanda masana tsirrai ke kira Camellia sinensis. Wajen sarrafawa ne hanya ta rabu. Masu tsinka kan ɗebo toho ne da ganye biyu na ƙarƙashinsa, a kai masana'anta a baza, a riƙa busa masa iska na wajen awa 12 zuwa 18 har ya yi yaushi. Sa'an nan a murza shi domin jikin ganyen ya farfashe, ruwansa ya fito ya haɗu da iska. A wannan haɗuwa ce launinsa ke juyawa daga kore zuwa na jan ƙarfe, kamar yadda farin goro kan yi ja idan aka gatsa shi aka ajiye, a nan ne kuma ƙarfi da launi da yawancin ƙamshin baƙin shayi ke samuwa. Shi koren shayi tun da fari ake taɓa shi da zafi domin a hana wannan juyawa. Da mai kula da aikin ya ga abin ya kai yadda yake so, bayan awa ɗaya zuwa uku, sai a shigar da ganyen tanderu mai hura iska mai zafi, a busar da shi ƙayau, har ruwan da ya rage a jikinsa ya koma kimanin kashi 3 cikin 100. Ɗanyen ganye kilo 4 zuwa 5 ne ke ba da kilo ɗaya na busasshe.

To, wannan bushewa ita ce ke tsare masa darajarsa. Iskar da ke ɗakin kowa ta fi ganyen danshi, saboda haka da zarar an buɗe shi zai soma jan laima, kamar yadda gishiri kan jiƙe da damina ba tare da wani ya zuba masa ruwa ba. Masu sana'ar sun san cewa idan ruwan jikinsa ya haura kashi 6 ko 7 cikin 100, lalacewa ta fara sauri ke nan: ƙamshi ya dushe, ɗanɗano ya yi lami, in abin ya yi tsanani fumfuna ta biyo baya. Zafi da hasken rana kuma suna ƙara wa ɓarnar gudu. Duk wanda ya san sana'ar goro sai ya juya iliminsa baibai idan ya zo kan shayi. Goro ana lulluɓe shi da ganyen fita, ana yayyafa masa ruwa, domin bushewa ce ajalinsa. Shayi kuwa jiƙaƙƙen cokali guda a cikin gwangwani ya isa ya ɓata shi.

Fataken da suka fara dakon shayi daga Sin zuwa Turai sun sha fama da wannan hali nasa. Cikin akwatunan katako ake ɗura shi, a shimfiɗa fallen darma a cikinsu a liƙe, saboda iskar teku da warin sauran kaya. Sabon ganye na da daraja ƙwarai, har jiragen ruwa masu tafiya da iska suka riƙa tsere da shi. A shekarar 1866 jirage biyu, Taeping da Ariel, sun taso daga tashar Fuzhou suka isa Landan cikin kwana 99, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai awa ɗaya ba, duk domin ƙarin sule goma a kan kowane tan da aka yi wa jirgin da ya riga isa alkawari. A gidajen Ingila kuwa uwargida kan kulle ganyenta cikin ɗan akwati, makulli na hannunta. Tsadar ta jawo algus. Ana haɗa shi da ganyayen wasu itatuwa, ana tattara wanda aka riga aka dafa a shanya a rina a sake sayarwa, har majalisar dokokin ƙasar ta yi ta kafa dokoki a kan haka cikin ƙarni na 18. A 1826 wani ɗan kasuwa mai suna John Horniman ya fara sayar da shayi cikin ƙunshi liƙaƙƙe mai cikakken awo, abin da daga baya ya zama al'adar kowane kamfani. Har yau buhunan takarda da ake fitar da shayi a ciki daga Mombasa ko Kolombo suna da shafen alminiyam ta ciki.

Abin da ke rubuce a jikin kwali

Bayan an busar da ganye akan tankaɗe shi da rariya iri-iri, a raba shi gwargwadon girma, kamar dai yadda mace ke raba tsaba da tsaki da gari. Haruffan da ake gani a jikin kwali bayanin wannan rabo ne. OP, watau Orange Pekoe, cikakken ganye ne dogo murɗaɗɗe, kuma ba shi da wata dangantaka da lemo, ko da yake sunan ya ruɗi mutane da dama. FOP na nufin akwai toho a ciki. TGFOP kuwa mai yawan toho ne, wanda ake ganin ɗigo-ɗigon ruwan zinariya a cikinsa. Harafin B, kamar a BOP, yana nuna karyayyen ganye, tsakin ke nan. Ƙasa da shi sai ɓarɓashi, sa'an nan gari, waɗanda su ne akasari ake ɗurawa a 'yan jakunkunan takarda masu zare. Abin lura shi ne, girman ganye da kamanninsa kaɗai waɗannan haruffa ke faɗa. BOP na gona mai kyau ya fi OP na gonar banza nesa ba kusa ba.

Amma wajen ajiya girman na da muhimmanci. Kowane manomi ya san gero a zangarniyarsa kan yi shekara biyu ko uku a rumbu, tsaba ta yi watanni a buhu, gari kuwa kwana kaɗan ya soma sauya wari. Haka shayi yake: iyakar ƙanƙantarsa, iyakar yawan jikinsa da iska ke taɓawa. Cikakken ganye a rufe da kyau yakan kai shekara biyu da sauran amfaninsa. Gari a jakar takarda kuwa, idan an yage ledar kwalin, cikin 'yan watanni ya zama hoto.

Akwai kuma wanda ake gani dunƙule-dunƙule ƙanana kamar ƙwayar gero, mai alamar CTC. Wata na'ura ce ke yin sa, wadda William McKercher ya ƙirƙiro a Asam ta ƙasar Indiya wajen 1930, mai murƙushe ganye ta yayyaga shi ta nannaɗe. Yana saurin sakin launi da ƙarfi, yana kuma jure madara da sukari. Masu ƙyale-ƙyalen shayi kan raina shi, amma raini ne marar tushe in dai maganar shayin madara ake yi. Mai shayin da ke sallamar mutum hamsin kafin hantsi ya yi daidai da ya riƙe shi. Wauta ita ce mutum ya sayi ganye mai taushin ƙamshi da tsada, ya tafasa shi da citta da kanumfari da masoro, ya kwarara masa madarar gwangwani. Wannan kuɗinsa kawai ya dafa. Kafin a tambayi farashi, sai a fara sanin irin shan da za a yi wa ganyen.

Sai kuma asali. Asam, watau kwarin kogin Brahmaputra a arewa maso gabashin Indiya, ƙasa ce mai zafi da yawan ruwan sama, shayinta mai kauri ne da duhun ja, ya dace da madara. An fara gwanjonsa a Landan a 1839, kuma wanda aka tsinka a watannin Mayu da Yuni shi ne ya fi daraja. Darjilin, wanda ake rubutawa Darjeeling a kwali, a gindin tsaunukan Himalaya yake, inda wani likita ɗan Birtaniya, Archibald Campbell, ya fara gwada shuka a 1841. Ruwansa fatsi-fatsi ne, ƙamshinsa kamar na fure, ba ya son madara. Tsinkar farko ta Maris da Afrilu ta fi kowacce tsada, ita ce kuma ta fi saurin gushewa, don haka ba ta ajiya ba ce, a shanye ta cikin watanni kaɗan. Gonakin Darjilin ba su kai ɗari ba, an kuma daɗe ana kukan cewa abin da ake sayarwa da sunansa a duniya ya ninka abin da gonakin ke bayarwa. Shi ya sa Indiya ta yi wa sunan rajista a 2004, Tarayyar Turai ta amince da shi a 2011. Wanda ya ga Darjilin da kuɗin ganyen tasha, ya tuna araha ba ta ado.

Siri Lanka, wadda ake kira Silon kafin 1972, har yanzu tsohon sunan Ceylon ne a kan shayinta. James Taylor ya kafa gonar farko a 1867, cutar da ta kashe gonakin gahawa na tsibirin daga 1869 ta buɗe wa shayi fili, Thomas Lipton kuma ya sayi gonaki a can a 1890, shi ne mai sunan nan da ya zama sunan kowace jakar shayi a kasuwannin ƙasar nan. Ana raba ganyen tsibirin da tsayin gona: na tudu sama da mita 1,200 ya fi ƙamshi, na kwari ƙasa da mita 600 ya fi duhu da ƙarfi. Tambarin zaki riƙe da takobi na Hukumar Shayi ta ƙasar ana ba da shi ne ga ganyen Silon zalla da aka ƙunsa a can cikin tsibirin. Kenya kuwa, inda aka fara shuka a Limuru a 1903, ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da baƙin shayi, kusan dukkansa CTC. Ana tsinkarsa duk shekara, ana gwanjonsa a Mombasa tare da na Uganda da Ruwanda da sauran maƙwabta. Kwalin da bai faɗi ƙasa ba galibi gauraye ne na ƙasashe da yawa. Wannan ba aibi ba ne, sai dai bai kamata a biya masa kuɗin ganyen gona ɗaya ba.

Nijeriya ma tana da nata. A kan tsaunin Mambila, cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, inda akwai sanyi da hazo irin waɗanda itacen ke so, akwai gonar Kakara da aka kafa a shekarun 1970, mai fitar da Highland Tea. Ƙetaren iyaka kuma akwai gonar Ndu a Kamaru. Abin da ganyen gida ya fi na waje da shi shi ne gajeriyar tafiya, tun da bai kwana cikin jirgin ruwa ba, bai yi jiran fito a tashar Apapa ba. Amma wannan fifiko kan tashi a banza idan kwalin ya shekara a teburin ɗan tireda rana na dukansa.

Don haka kwanan wata ya fi sunan ƙasa muhimmanci ga mai saye. A duba ranar da aka ƙunsa shi, kada a tsaya ga ranar ƙarewar wa'adi kaɗai, domin kamfanoni kan ba da shekara biyu ko uku, alhali kuwa ƙamshi ba ya jira har sannan. Gidajen shayi na ƙwarai kan rubuta har lokacin tsinka da sunan gona. Idan a kasuwar ƙasar nan ne, a duba lambar rajistar NAFDAC, a kuma tabbata ba a taɓa ledar ciki ko liƙin murfi ba. Kwalin da launinsa ya koɗe ya sha rana, wanda ya yi taushi ko tabon ruwa ya sha laima. Kanti mai yawan ciniki ya fi kanti mai ƙawa, domin inda kaya ke gudu nan sabo yake. Shagon da ya jera shayi kusa da sabulu da turare da maganin sauro kuwa, gara a wuce shi.

Ganyen awo, wanda ake ɗiba daga buhu ko daro a kasuwa, shi ne ya fi bukatar ido da hanci. Mai kyau baƙi ne mai ɗan sheƙi, girmansa bai ɗaya, babu yawan tsinkaye a ciki. Idan ya yi toka-toka, ya tsufa. A ɗebi kaɗan a matse tsakanin yatsu: busasshe zai karye ya yi ƙaras, wanda ya sha laima sai ya lanƙwashe. A sa shi a tafin hannu, a hura masa ɗumin baki, a sansana. In an ji warin buhu, ko ba a ji kome ba, to babu abin saye. Tsohon algus ɗin nan na rini bai mutu a duniya ba, gwajinsa kuma mai sauƙi ne. A jiƙa farar takarda a barbaɗa ganyen a kai, ko a zuba shi a kofin ruwan sanyi. Ganyen gaskiya a hankali yake sakin launi idan babu zafi, rinanne kuwa nan da nan zai bar ɗigon ja ko na ruwan ɗorawa.

Amma alƙalin ƙarshe buta ce. Masu ɗanɗana shayi a kamfanoni suna da ƙa'idar da aka amince da ita a duniya tun 1980: giram 2 na ganye ga tafasasshen ruwa mililita 100, a rufe minti 6. Wannan ya fi ƙarfin shan jin daɗi, an yi shi ne domin duk aibin da ke ɓoye ya fito. A gida minti 3 zuwa 5 ya isa. Abin da ake nema shi ne ruwa garau mai haske, da ƙamshi mai tashi, da ganyen da ya buɗe ya koma launin jan ƙarfe. Wanda zai sayi da yawa ya fara sayen ɗan kaɗan ya gwada, babu madara babu sukari.

Yawan ma a yi masa lissafi. Kofi ɗaya na cin kamar giram 2 da rabi, watau cikin ƙaramin cokali. Giram 250 kofi 100 ke nan, gidan da ake shan kofi huɗu a rana zai cinye shi cikin kwana 25. Kilo guda zai kai kwana 100 a wannan gida, ana buɗe shi safe da yamma, watau sau 200 iska na shiga. Rangwamen da aka samu wajen sayen kilo ta nan yake zurarewa. Abin da za a shanye cikin wata ɗaya ko biyu shi ne daidai.

Ajiya a gida

Mazubin da ya fi dacewa shi ne gwangwanin ƙarfe mai murfi biyu, na ciki da na waje, ko tangaran mai murfin da ke kamawa da roba. Jakar alminiyam mai zif da wasu kamfanoni ke sayar da ganye a ciki ita ma tana da kyau, muddin za a matse iskar ta fita kafin a rufe. Kwalba tana tsare iska amma ba ta tsare haske, saboda haka sai a cikin kabad. Jera kwalaben shayi a taga ado ne mai tsada. Robar da ta taɓa ɗaukar yaji ko manja ko daddawa ba ta rabuwa da warinsu kome wanki. Gwangwanin madarar gari da ya ƙare yana iya aiki, in an wanke shi da ruwan zafi, aka shanya shi a rana yini guda, aka sansana ba a ji kome ba. Kada kuma mazubi ya fi ganyen girma da yawa, domin rabin gwangwani ganye, rabi iska ne. Wanda tsaraba ta zo masa da yawa sai ya raba ta biyu: babban kaso a liƙe a ɓoye, ƙaramin gwangwani na mako ɗaya ko biyu a hannu, daga shi ake ɗiba kullum.

Sai wurin ajiyewa, a nan ne kuma gidaje da yawa ke faɗuwa. Masu iya magana sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, ɗakin girki kuwa cike yake da maɗaukan kanwa: daddawa, bandar kifi, albasa, tafarnuwa, kananzir, hayaƙin itace, ga tururin tukunya da zafin murhu. Ɗakin uwargida ma bai tsira ba, saboda turaren wuta da humra da kafur na cikin akwatin tufafi. Wannan hali na zuƙar ƙamshi shi ne Sinawa ke amfani da shi da gangan, su kwantar da ganye tare da furen yasmin, ko su banda shi da hayaƙin wani itace mai ƙaro ya zama wanda ake kira Lapsang Souchong. Shi dai ganyen bai san bambancin fure da kananzir ba. Kabad mai duhu, nesa da murhu da taga, wanda ba a ajiye wani abu mai ƙamshi a ciki, shi ne wurinsa. Citta da kanumfari da na'a-na'a a ajiye su dabam, a haɗa su a buta. Haka nan ganyen da aka riga aka sa wa ƙamshi, irin su Earl Grey, kada ya haɗa gwangwani da sauran.

Yanayin gari ma yana da nasa hukunci. A arewa hunturu abokin shayi ne, iska a bushe take, ƙura ce kawai abin tsaro. Bazara na kawo zafi, musamman a ɗaki mai rufin kwano, inda saman kabad kan yi zafi kamar tanderu. A sauko da gwangwani ƙasa-ƙasa, amma kada ya zauna a kan daɓe. Damina ce babbar abokiyar gaba, balle markar watan Agusta, lokacin da ashana ke ƙin kamawa. Mazauna Legas da Fatakwal da Kalaba, da Hausawan zango na Kumasi da Akra, su kusan duk shekara cikin wannan hali suke, don haka ya kamata su rage yawan abin da suke saye a lokaci guda. A kowane gari dai, cokalin ɗiba ya kasance busasshe, kada a riƙe gwangwani a kan buta tana tururi, a kuma mayar da murfi nan take.

Wasu kan ga firiji ne mafita. Ga baƙin shayin da ake buɗewa kullum, wannan babban kuskure ne. Duk lokacin da aka fito da gwangwani mai sanyi cikin iska mai ɗumi, raɓa za ta kwanta a kan ganyen kamar yadda take kwantawa a jikin kwalbar lemo, ga warin miya da kifi na ciki, ga ɗauke wuta da ke sa firijin ya yi ta zufa. Abin da kawai za a iya sa wa a sanyi shi ne ƙunshin da aka zuƙe wa iska aka liƙe tun daga kamfani. Shi ma in an fito da shi, a bar shi awoyi da dama ya saki sanyin sarai kafin a yanka bakinsa.

Masu shayi da 'yan tireda da ke sayen katon-katon su ɗora kayansu a kan katako, nesa da bango, su kuma fara fitar da wanda ya riga zuwa. Mai shayin da ya ga sai ya ƙara yawan ganye a tukunya kafin launi ya fito, ko abokan ciniki sun fara komawa teburin maƙwabci, ya binciki inda yake ajiya kafin ya ce rashin sa'a ne.

Ganyen da ya tsufa a bushe ba ya cutarwa, ƙamshi da ƙarfi ne kawai suka tafi. Irin wannan ana iya ƙarasa shi a shayin kayan yaji, a ƙara yawansa, citta da kanumfari su rufa masa asiri. Amma wanda ya dunƙule, ko ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa toka, ko yake warin rufaffen ɗaki, fumfuna ta kama shi, shanyawa a rana ko tafasawa ba su mayar da shi abin sha. A zubar da shi a juji ko a gindin shuka, a wanke gwangwanin da ruwan zafi, a bar shi ya bushe sarai kafin a zuba sabo.